Wane irin babban kare ne zai iya bin mutum hawan dutse da shiga daji a zafin nan namu?

Ɗan Kufena:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka. Ni mutum ne mai son tafiyar ƙafa, ƙarshen mako in ba na kan dutsen Kufena to ina gonarmu da ke bayan gari, wani lokaci kuma mu haɗu da abokai mu wuce Jos hawan duwatsun Shere. Na daɗe ina son in samu babban kare da zai riƙa bi na, ya zama abokin tafiya, in mun dawo kuma ya yi gadin gona. To akwai wanda ya yi min tallan ɗan kwikwiyon Kokeshiyan, wata biyu da haihuwa, ya ce ubansa ya kai kilo 70 kuma na ga hoton, gsky ya shiga raina. Kafin in tura kuɗi na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Mai Duna:
Wa alaikumus salam. Saya kawai ɗan'uwa, ni ina da shi a nan Jos wajen Rayfield, wlh tun da na kawo shi ko akuya ba ta ƙara leƙo min gida ba balle ɓarawo. Duk wanda ya ji haushinsa daga bayan get ba sai an ce masa ya koma ba.

Dokta Bitinare:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka tura kuɗin nan tukuna. Abu biyu ka haɗa a tambayarka, gadi da tafiya, kuma karen da ya fi kowa iya na farko shi ne ya fi kowa kasa na biyu a ƙasarmu. Kokeshiyan asalinsa duwatsun Kokasus ne, wajen Jojiya da Armeniya da Azabaijan da kudancin Rasha, aikinsa can shi ne ya kwanta kusa da garken tumaki cikin ƙanƙara ya jira kyarkeci. Gashinsa hawa biyu ne, akwai na ciki mai laushi mai riƙe ɗumi akwai na waje mai tsawo, namijinsa kuma ba ya yin ƙasa da kilo 50. Shi kare ba ya gumi ta fata irin namu, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, sauran duk da haki yake fitar da zafi, ya zaro harshe iska ta busar da yawun. Zafin jikinsa na lafiya 38 ne zuwa 39 da ɗan wani abu, in ya haura 41 an shiga haɗari, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su fara taɓuwa. Yanzu ka duba Zariya a watan Maris da Afrilu da zafi ke neman 40 a inuwa, ka ɗora wannan dabbar a kan falalen dutse da rana ta gasa tun safe. Ba zai kai ka sama ba, kuma in ya faɗi ba ka iya saɓo kilo 70 ka sauko da shi.

Mai Duna:
Dokta ai nawa lafiyarsa ƙalau, bai taɓa faɗuwa ba

Dokta Bitinare:
Yallaɓai kai Jos kake, tsayin garinku daga teku ya kai mita 1,200, da hunturu dare yakan sauka wajen 10 ko 11. Kuma ka faɗi gaskiya, naka gadi yake yi a tsakar gida ko kana hawa Shere da shi?

Mai Duna:
Gadi ne gsky. Ina dai zagayawa da shi unguwa bayan sallar asuba, in rana ta fito shi da kansa yake jan igiya ya nufi gida.

Jikan Sarkin Baka:
Allah ya saka da alheri Dokta. Ni abin da ke ba ni takaici a irin wannan maganar shi ne duk wanda ya tashi neman kare sai ya tsallake na gida ya tafi neman na hoto. Mu gidanmu farauta muka gada, tun muna yara muke bin iyayenmu da rani bayan an gama kawar da amfanin gona, kuma karnukan da muke fita da su ɗin nan ne da kuke rainawa, jajaye sirara masu tsinin baki, waɗanda ba su wuce kilo 15 zuwa 20 ba. A fita da su da asuba a wuni ana tafiya cikin ƙaya da tsakuwa, su tada zomo su kama, su tono gafiya, su bi gada har ta gaji, la'asar ta yi su dawo gida da ƙafarsu, a ba su tuwo da ɗan ƙashi su kwanta gobe a sake. Wane Kokeshiyan ne zai yi wannan? Kuma ku da kuke maganar gashi ba ku ma ambaci ƙarangiya ba. Duk wanda ya taɓa ratsa saura bayan kaka ya san yadda take yi wa wando, to kare mai dogon gashi in ya shiga ciki sai ka zauna da almakashi kana yanka, tana shiga har tsakanin yatsunsa ta yi masa gyambo. Namu gajeren gashi ne, ya girgiza jiki ya cire sauran da haƙori ya wuce.

Ɗan Kufena:
Na gode Baba. Amma fa ni ina son wanda ganinsa ma kaɗai zai sa mutum ya yi tunani sau biyu, kun san yanayin da ake ciki yanzu a hanyoyin gona. Karen gida anya zai tsorata wani?

Jikan Sarkin Baka:
Ɗana bari in gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Wanda ya zo da bindiga ba girman kare ne zai mayar da shi ba. Amfanin kare a daji hanci ne da kunne, ya ji abu tun yana nesa ya tsaya cak ya ɗaga kunne ya sanar da kai ka canza hanya. Wannan kuwa ɗan siririn nan ya fi ƙaton iyawa don shi hankalinsa na kan daji, ƙaton hankalinsa na kan inda zai samu inuwa. Kuma dajin da aka ce ba lafiya kar ka shige shi don kana da kare, ko wane iri ne.

Ba'adare:
Salamu alaikum, ni daga Tawa nake bin ku. In dai tsawo da kwarjini kake so kuma wanda ya san zafi, mu nan arewa da mu akwai karen Buzaye da Turawa suka sa wa suna Azawak, sunan kwarin Azawak ne da ya ratsa tsakanin Nijar da Mali. Dogo ne sosai, namiji yakan kai santimita 70 a kafaɗa amma nauyinsa 20 zuwa 25 ne kawai, kana ƙirga haƙarƙarinsa da ido wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce alhali halittarsa ke nan. Shi ke tsaron rugga da raƙuma kuma shi ke korar barewa da zomo, cikin zafin da mutum ma ke neman wurin ɓuya. Sai dai ka sani, ba ya sakin jiki da baƙo ko kaɗan, mutum guda ko gida guda yake riƙewa, kuma sanyi da ruwan sama ba sa yi masa daɗi. Tun wajen 1970 aka fara kai shi Turai, yanzu can tsada gare shi, mu nan kuma ana ganinsa ba a ɗauke shi bakin komai ba.

Uwar Biyu:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Malam kana da yara a gidan? Don maƙwabcinmu ya taɓa kawo irin manyan nan, kullum a ɗaure cikin keji ba ya ganin kowa sai mai ba shi abinci, ranar da ya tsinke sai da unguwa ta watse. Kuma ya batun najasa, kare yana binka yana lasar hannunka da kayanka ga lokacin sallah ya same ka a kan dutse?

Ɗan Kufena:
Akwai yara Hajiya, amma a gona zai zauna wajen mai gadi ba cikin gida ba. Batun najasa kuma nima ina so in ji, ko Malam yana kusa.

Almajirin Zaure:
Ina nan. A taƙaice, hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba na farauta ba, ba na kiwo ba, ba na gona ba, ana rage masa lada kullum. To kai ka ce gadin gona zai yi, ka shiga cikin waɗanda aka togace, fita da shi tafiya kuma wani abu ne da ya biyo baya. Farauta da horarren kare kuwa Alƙur'ani ya halatta ta a Suratul Ma'ida aya ta 4. Batun yawu, a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan duk mai rai mai tsarki ne har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuma suna ɗaukarsa bin umarni ne ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya su suna ganin najasa ne. Wanda ya wanke inda ya lasa ya fita daga saɓani, ba abin faɗa ba ne. Abin da na fi so in ja hankali a kai shi ne haƙƙin dabbar. Kun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa. To wanda ya sayo dabbar ƙasar ƙanƙara ya ja ta cikin rana har ta faɗi don a gan shi da ita, ya yi tunanin me zai ce.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara ilimi Malam, na gamsu

Ɗalibi a Turkiyya:
Bari in sa baki kaɗan. A nan akwai Kangal, sunan wani gari ne a lardin Sibas, shi ma ƙato ne namiji yana kai kilo 50 zuwa 60 amma ƙirarsa ba irin ta Kokeshiyan ba ce, dogayen ƙafafu gare shi da gajeren gashi, yana wuni yana bin garke a tudun Anadolu inda rani ke da zafi da ƙura. Har Afirka ya yi aiki, a Namibiya wata ƙungiyar kare dabbar nan mai kama da damisa mai tsananin gudu ta fara raba wa makiyaya irinsa tun 1994, yana korar ta daga awaki ba sai an harbe ta ba. Amma ni ban ce ka saya ba fa. Duk waɗannan karnukan tsaron garken an gina su ne su yanke hukunci da kansu ba tare da makiyayi ba, shi ya sa kira ba ya dawo da su da sauri, in ya ga abin da bai yarda da shi ba ya riga ya tafi. A kan hanyar dutse da za ka haɗu da mutane da yara masu itace da shanun Fulani, wannan halin matsala ne babba.

Jikan Sarkin Baka:
Yauwa, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shanu! Karenka ya kori saniyar mutane ta karye ko ya yaga ɗan maraƙi, ka san abin da ka jawo wa kanka da ma duk mai gona a wurin? Kuma su ma makiyayan suna da nasu karnukan, ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma taron dangi suke yi. Mu kafin mu fita da sabon kare sai ya san fito, in an yi masa ya bar duk abin da yake yi ya dawo ko da nama ne a bakinsa. Ana fara koya masa tun yana kwikwiyo a tsakar gida, a kira shi ya zo a ba shi ɗan abu a shafa kansa, ba duka, kare da aka saba duka in ya yi laifi ba ya dawowa in an kira, ya san me ke jiransa. Sannan a haɗa shi da tsohon kare ya riƙa bi yana gani. A saba masa da awaki da kaji da yara tun bai san kansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Duna:
To ni dai har yanzu ban ga wanda ya kawo madadin da ya cika ido ba. Burbul fa? Shi ai ɗan Afirka ta Kudu ne, gashinsa gajere

Dokta Bitinare:
Burbul gajeren gashi gare shi gaskiya, kuma karen gona ne na asali, amma nauyin fa? Namiji 60 zuwa 80, ga ƙaton kai ga baki mai ɗan gajarta, kuma gajeren baki yana rage ƙarfin hakin da ke sanyaya jiki. Gadin gona zai yi maka shi sosai, tafiyar awa biyar a dutse a'a. Rotwaila ma kusan haka, ga baƙin gashi mai shan rana. Haski kuwa, karen ƙasar ƙanƙara mai kaurin gashi, kar ma a kawo shi, ina ganinsu yanzu a Kaduna da Abuja ana yawo da su abin tausayi. Su ne a 1925 suka ja keken ƙanƙara suka kai maganin mashaƙo garin Nom a Alaska, tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin sanyin da ya wuce 30 ƙasa da sifili, juriyar tafiya ba wanda ya kai su amma a can.

In sai lallai na waje kake so Malam, uku zan ambata maka. Rijbak na ƙasar Zimbabuwe, wanda gashin gadon bayansa ke kwance a juye ya yi layi, a Bulawayo aka rubuta ƙa'idar irinsa a 1922, a da mafarauta kan yi amfani da shi ya tsare zaki har su iso, nauyinsa wajen 36, gashi gajere ja, ƙirar tafiya ce da shi. Matsalarsa samun na gaske a nan da wuya, kuma yana da son bin duk abin da ya gudu. Sai Jaman Shefad da muke cewa karen 'yan sanda, wani hafsan soja Bajamushe Max von Stephanitz ya kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki, 30 zuwa 40 yake, yana da saurin ɗaukar horo da son bin ubangidansa. In shi ne to ka nemi mai gajeren gashi mai miƙaƙƙen baya, ka guji waɗannan da bayansu ya zube kamar za su zauna, ciwon ƙugu ya yi yawa a cikinsu, ka ce a nuna maka uwa da uba suna tafiya da idonka ba a hoto ba. Na uku Malinuwa na Beljiyam, ya fi Shefad sauƙin jiki da jure zafi, amma wlh in ba kullum za ka ba shi aiki ba kar ka fara, zai cinye maka tayar mashin da bututun ban ruwa.

Ɗan Kufena:
Dokta Allah ya biya. To in na samu kwikwiyo yaushe zan fara hawa dutse da shi?

Dokta Bitinare:
Ba da wuri ba. Ƙasusuwan manyan karnuka ba sa gama ƙosawa sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙattan ma har kusan biyu, in ka sa shi tsalle-tsalle a dutse kafin nan ka lalata masa gaɓoɓi har abada. Kafin nan gajeruwar tafiya a ƙasa mai laushi da koyon kira da saba wa igiya. Kuma kar ya taka waje sai ya gama alluransa na kwikwiyo, ciwon nan na amai da zawon jini da ake kira fabo yana kashe 'yan kwikwiyo da yawa cikin waɗanda ake saya da tsada a nan. Allurar haukan kare a wata uku, sannan duk shekara, wannan ba zaɓi ba ne tunda zai riƙa haɗuwa da karnukan ƙauye da dila. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar, kai kuma ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a garinku. Cutar haukan karen nan tana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara kuma kusan duka daga cizon kare ne, da zarar alamunta sun bayyana ba magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ya tafi asibiti a ranar, kar a tsaya neman gashin karen a ƙona.

Sauran abubuwan daji: kaska, ka duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu duk dawowa don tana sa zazzaɓin da ke shanye jini, dasashi ya yi fari. Wuraren da ke da ƙudan tsando, bakin rafuka masu duhuwa, sammore na kama kare kuma na waje sun fi saurin mutuwa da shi. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a rairayin da fitsari ko kashi ya ɓata tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji, kar ya riƙa kwana a ƙasa mai fitsari. Ruwa ka ɗaukar masa nasa daban, a zaune ma kare mai kilo 35 yana shan kusan lita 2 a rana, a tafiya ya ninka. Kar ka cika masa ciki dab da fita ko da dawowa yana haki, masu zurfin ƙirji cikinsu na iya murɗewa ya kumbura, awoyi kaɗan ya mutu. Ka sa bayan hannunka a kan dutsen, in ba ka iya barinsa to shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. In ka ga harshe ya yi ja wur ya faɗaɗa, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwan sanyi a jiki a yi ta fifita a nufi asibiti. Kuma don Allah kar a ba kare ibuprofen ko ragowar abinci mai albasa da yawa.

Jikan Sarkin Baka:
Ka manta maciji Dokta. Kububuwa a gindin duwatsu take kwana, kasa kuma ba ta gudu sai an taka ta. Karnukanmu da suka tashi a daji yawanci sun san su ja baya su yi haushi daga nesa, wanda ya tashi a kan tayil hanci yake kai mata.

Dokta Bitinare:
Haka ne Baba, shi ya sa a fuska ko ƙafar gaba ake yawan saran su. In ta faru a ɗauke shi kar ya yi tafiya da kansa, ba tsagawa ba ɗaurewa, a nemi likita.

Mai Duna:
Wani abu kuma tunda ka ce kana zuwa Jos, kar ka sake shi ya yi nisa da kai a ƙauyuka, ana satar karnuka sosai, akwai babbar kasuwarsu a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke. Ni dai ina nan kan bakana Kokeshiyan ya fi su duka a gadi, amma na yarda ba na yawo ba ne. Abincinsa ma kaɗai ya kusa kilo guda a rana in na buhu kake ba shi, ka lissafa da kuɗin buhu yanzu.

Ɗan Kufena:
Na gode ƙwarai jama'a, na fasa tura kuɗin. Yanzu tsakanin Shefad mai gajeren gashi da na gida nake. Baba Jikan Sarkin Baka, in mutum na son kwikwiyo daga wajen mafarauta me ake dubawa, kuma lallai ne sai an yanke masa kunne kamar yadda nake gani?

Jikan Sarkin Baka:
Uwar za ka duba kafin ɗan, in kariya ce mai aiki da ake fita da ita kuma ba ta cizon mutane to 'ya'yanta za su yi. A cikin 'ya'yan ka ɗauki wanda in ka tafa hannu zai waiwayo ya nufo ka, ba wanda zai ɓuya bayan rumbu ba kuma ba wanda ke danne 'yan'uwansa kullum ba. Ka duba ƙafafu su zama miƙaƙƙu, ƙirji mai zurfi, ido garau. Kar ka raba shi da nono sai ya yi wata biyu. Kunne kuwa mu ana yankewa ne saboda ƙaya da faɗa da naman daji, kai da ba farauta za ka yi ba ka bar masa abinsa.

Dokta Bitinare:
A bar masa kunnensa. Kuma ranar da ka karɓo shi ka biyo da shi asibiti a ba shi maganin tsutsar ciki a buɗe masa katin allura kafin ya wuce gona.

Ba'adare:
In ka shirya zuwa bayan damina ka yi min magana, masu zuwa cin kasuwar dabbobi daga wajen Abalak wani lokaci suna saukowa da 'yan kwikwiyo, sai in sa ido.